Yadda ake gwada rodi, yashi, tsakuwa, bulo da kankare a wurin gini

Yawancin masu gini a Abuja da ido da hannu suke karɓar kaya. A damƙi yashi a murza, a ƙwanƙwasa bulo a saurari ƙararsa, a kalli rodi a ce cikakke ne. Ido yana kama kayan da lalacewarsa ta fito fili, amma ba ya gane rodin da ya gaza milimita ɗaya, ko yashin da danshi ya kumbura. Kowane kayan gini yana da siffofin da ake aunawa a rubuta da lamba: nauyin kowace lita ko kowace mita, yawan lakar da ke cikinsa, ruwan da yake sha, laushin kwaɓi, da ƙarfin jure danniya. Ban da na ƙarshen, wanda sai an je ɗakin gwaji, duk sauran ana iya auna su a gefen tulin yashi.

Kayan aikin ba su da yawa: sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50, ƙaramin sikelin dijital mai nuna giram, bokitin lita 20, kwalba mai miƙaƙƙen jiki, tef ɗin awo, zarto, da littafi. Fara da gwada sikelin kansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka zuba lita 10 a bokiti ka rataya, ka cire nauyin bokitin. In bai nuna kilo 10 ba, gyara shi ko ka sake wani, in ba haka ba duk lissafin da zai biyo baya ya tashi a banza. Bokitin ma kada ka yarda da rubutun jikinsa. Auna lita 20 ka zuba, ka ja layi da fenti daidai inda ruwan ya tsaya.

Rodi: auna nauyi, ba kauri ba

Ma'aunin kauri yana ruɗar mutum a kan rodi saboda ƙusoshin jikinsa. In ka ɗora a kan ƙusa rodin ya yi ƙiba, in ka ɗora a tsakaninsu ya rame. Abin da ba ya ƙarya shi ne nauyi, domin ƙarfen rodi kilo 7,850 ne a kowace kubik mita, ko daga wace masana'anta ya fito. Daga nan aka samo lissafin da injiniyoyi suka haddace: ninka kaurin rodi da kansa, ka raba da 162, abin da ya fito shi ne kilo nawa mita ɗaya za ta yi. Rodi mai milimita 10 kilo 0.617 ne a mita, mai 12 kilo 0.888, mai 16 kilo 1.58, mai 20 kilo 2.47.

Zaɓi sanduna uku daga damma daban-daban, ba waɗanda mai kaya ya miƙo maka ba. Yanke mita ɗaya cif daga kowanne, ka goge tsatsa da burushin ƙarfe, ka auna. Ma'aunin Ingila da ake yawan ambata a zanen gini ya yarda nauyi ya ragu ko ya ƙaru da kashi 4.5 cikin ɗari ga rodin da ya wuce milimita 8. Ke nan mai 12 bai kamata ya gaza giram 848 ba. A ce ka samu giram 750. Juya lissafin: 0.75 sau 162 ya ba da 121.5, kuma lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 11. Rodin milimita 11 aka sayar maka da sunan 12. Milimita ɗaya kamar ba komai ba, amma faɗin bakin rodin ya sauko daga murabba'in milimita 113 zuwa 95, wato kusan kashi 16 na ƙarfen da injiniya ya lissafa babu shi a cikin dekin ɗinka.

Wannan lissafi yana da amfani tun a kasuwar Dei-Dei kafin a yi lodi. Cikakken rodi mai 12, tsawon mita 12, kilo 10.66 ne, saboda haka tan ɗaya sanda 94 ne ko kusa da haka. Mai 16 sanda 52 zuwa 53, mai 10 wajen 135. In aka ce maka tan ɗin mai 12 sanda 110 ne, ba rangwame aka yi maka ba: ko kauri ya gaza, ko tsawo bai kai ba. Ja tef a kan tsawon ma.

Nauyi ba ya faɗin ingancin ƙarfen. Sa mai lanƙwasa rodi ya lanƙwasa guntu ɗaya a jikin fegi mai kaurin rodin sau huɗu, ba tare da wuta ba, sannan ka duba bayan gwiwar. Tsagewa ko karyewa alama ce ta ƙarfe mai gautsi, kuma irinsa ba ya gargaɗi kafin ya ɓalle. Ainihin ƙarfin ja kuwa sai injin ɗakin gwaji. Idan zanen ya ce 460 N/mm² (awon ƙarfin da kowane murabba'in milimita zai jure), rodi mai 12 bai kamata ya fara miƙewa ba kafin injin ya kai wajen 52 kN (kilonewton, awon ƙarfin da injin ke nunawa). Tsatsa sama-sama ba ta da illa. Wadda ke ɓamɓarowa, da man inji, da laka, su ke hana kankare kama rodi.

Yashi: laka da danshi

A nan aka fi yin asara ba a sani ba, shi ya sa za mu daɗe a kansa.

Samfuri tukuna. Saman tuli ya bushe, iska ta kwashe ƙurarsa, manyan ƙwayoyi kuma sun gangaro gindi. Tura shebur ciki a wurare biyar ko shida, ka haɗa a kan tamfol, ka cakuɗa, ka baje, ka raba gida huɗu. Ɗauki gida biyu masu kallon juna a kusurwa, ka watsar da sauran. Maimaita har ya rage daidai abin da kake buƙata.

Don gwajin laka, narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita ta ruwa. Zuba kaɗan a kwalba, ka zuba yashi har kusan rabinta, ka ƙara ruwan gishirin ya haura yashin da yatsa uku. Rufe ka girgiza sosai na minti ɗaya, ka ajiye a wuri mai daidaito awa uku ba wanda ya taɓa. Gishirin yana sa ƙwayoyin laka su dunƙule su kwanta da wuri. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta yi shimfiɗa a samansa da launi daban. Auna tsayin kowanne da rula, ka raba na laka da na yashi, ka ninka da ɗari. Laka milimita 6 a kan yashi milimita 100 kashi 6 ke nan. Abin da aka saba ɗauka a matsayin iyaka ga kankare shi ne kashi 8. Ya wuce haka, a wanke yashin ko a mayar da tifar.

Illar laka iri biyu ce. Tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti manne mata, kuma tana shan ruwa, sai kwaɓi ya yi tauri, leburori su ƙara ruwa, ƙarfi ya sake raguwa. Filastar da ta tsattsage kamar gindin tafki a rani sau da yawa laka ce sanadi.

Idan yashin daga fadama ko bakin rafi mai ciyayi aka ɗebo shi, akwai gwaji na biyu. Narkar da giram 30 na sodar da masu sabulu ke amfani da ita a lita ɗaya ta ruwa, ka zuba a kan yashi a kwalba, ka girgiza, ka bari ya kwana ya yini. Ruwa fari ko ruwan ɗorawa mai haske ba matsala. In ya yi duhu kamar baƙin shayi, akwai ruɓaɓɓen ganye da saiwa da yawa, kuma suna jinkirta kamawar siminti. Sodar tana ƙona fata da ido, a sa safar hannu, a kuma nisanta ta da yara.

Sai kumburi. Busasshen yashi da yashin da ruwa ya shanye gaba ɗaya kusan wuri ɗaya suke ci. Mai danshi ne ke kumbura, domin siririn ruwan da ke jikin kowace ƙwaya yana tokare ta daga 'yar'uwarta. A danshin kashi 4 zuwa 6 kumburin kan kai kashi 20 zuwa 30, lallausan yashi ma ya fi haka. Daga Afrilu zuwa Oktoba kusan duk yashin da ke Abuja a wannan hali yake. Cika gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da yashin yadda yake, kada ka danna, ka auna tsayi, a ce milimita 200. Juye shi, ka zuba ruwa rabin gwangwanin, ka mayar da yashin kaɗan-kaɗan kana motsawa da sanda. In ya kwanta a 160, bambancin 40 ne. Raba da 160, ka samu kashi 25. Ma'ana duk inda kwaɓi ke son awo biyu na yashi, biyu da rabi za ka zuba. Wanda bai gyara ba, kankarensa zai yi ƙarancin yashi, tsakuwa ta fito tsirara, a buɗe katako a ga ramuka.

Yawan ruwan da ke cikin yashin ma a auna shi. Kilo ɗaya a faranti, a ɗora a wuta ana juyawa har tururi ya ɗauke, a bari ya huce, a sake aunawa. In ya dawo giram 950, ruwa giram 50 ne, kimanin kashi 5. Riƙe wannan lambar, za ta yi aiki a wurin kwaɓi.

Tsakuwa

Tsakuwar da ake fasawa a Mpape da sauran wuraren fasa dutse na kewayen birnin daga dutse mai tauri take, ba kasafai ƙarfinta ke ba da matsala ba. Abin dubawa shi ne girma, ƙura, da cikar lodi. Dekin da bim da fila galibi mai milimita 20 suke so. Wadda ta fi haka girma tana maƙalewa tsakanin rodi. In ka damƙa hannunka ya yi fari fat, ƙura ta yi yawa, a watsa mata ruwa. Ƙwayoyi masu faɗi da tsawo irin ɓawo, in sun yi yawa, kwaɓi ba ya kwanciya da kyau.

Cika bokitinka zuwa layin lita 20 ka auna. Za ka samu kilo 30 zuwa 32, wato kilo ɗaya da rabi ko ɗan fiye a kowace lita. Da wannan za ka binciki tifa: tan 20 ya kamata ya ci wajen kubik mita 13. A baje saman lodin kafin a juye, a auna tsawo da faɗi da zurfi, a ninka. Sannan, tsakuwar na cikin bokitin, zuba ruwa kana ƙirga lita har ya kai layi. Lita 8 zuwa 9 zai sha, ke nan kashi 40 zuwa 45 na bokitin iska ce. Wannan gurbin ne yashi da siminti za su cike, kuma shi ne dalilin da ya sa yashi ke zama kusan rabin tsakuwa a kwaɓin 1:2:4, wato siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu.

Nauyin dutsen kansa, ba tare da gurbin iska ba, da dabarar Arkimidis, masanin Girka na dā, ake samunsa. Jiƙa tsakuwa, goge jikinta, auna kilo ɗaya, ka zuba a jug mai lamba da ke da ruwa. Ruwan zai hau da wajen mililita 375. Raba 1,000 da 375, ka samu 2.67. Idan amsar ta faɗi ƙasa da 2.5, an gauraya maka da marmara ko ruɓaɓɓen dutsen saman tsauni.

Siminti

Abin da za a iya yi masa a wurin aiki kaɗan ne. Rataya buhu biyar ko shida a sikeli ka ga ko sun kai kilo 50, ka duba ɗinkin baki ko an taɓa kwancewa. Gudajin da ya marmashe tsakanin yatsu danniyar ajiya ce kawai; wanda ya ƙi marmashewa ya sha danshi, ya riga ya ci wani ɓangare na ƙarfinsa. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, kada jeri ya wuce goma, kuma wanda ya haura wata uku a ajiye kada ya shiga dekin sai an gwada. Lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhu ƙarfin simintin ne a gwajin masana'anta bayan kwana 28. Ba alkawari ba ne cewa kankarenka zai kai haka.

Buhu ɗaya wajen lita 35 ne. Sa kafinta ya haɗa akwatin awo mai faɗin santimita 30, tsawo 30, zurfi 39, a riƙa share bakinsa da katako. Kwanon sarki ba shi da tsayayyen awo: na safe a tsaitsaye yake cike, na la'asar ya danganta da gajiyar mai ɗauka.

Bulo

Jefa bulo daga tsayin kafaɗa a ga ko zai fashe gwaji ne na sama-sama, kuma ƙasar da ya faɗa a kai tana canza sakamako. Lissafi ya fi shi tona asiri. Bulo mai inci 9 tsawonsa milimita 450, faɗi 225, tsayi 225. In kaurin bangonsa milimita 50 ne, yana cin wajen lita 14 na kwaɓi. Kwaɓin siminti ɗaya yashi takwas lita 280 ne na yashi a buhu, wato bulo ashirin ko kusa da haka. Duk inda buhu ke fitar da arba'in, ko yashin ya ninka, ko bangon bulon ya sirance. Tambayi mai buga bulo nawa yake fitarwa a buhu, sannan ka sa tef a bangon bulon.

Don shan ruwa, shanya bulo uku har nauyinsu ya daina raguwa, ka auna, ka nutsar da su a ruwa awa 24, ka goge, ka sake aunawa. Kilo 24 da ya koma 27.6 ya sha kashi 15. Ma'aunin bulo na SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, wato NIS 87, kashi 12 ya yarda da shi, kuma ya nemi ƙarfin 2.5 N/mm² ga bangon da ba ya ɗaukar nauyi, 3.45 ga mai ɗauka. In ka kai bulo ɗakin gwaji, tambaye su ko da dukan faɗin bulon suka raba ko sun cire ramukan, domin amsoshin biyu sun yi nisa da juna. Bulon da aka buga jiya aka kawo yau, ko kwaɓinsa na kirki ne, bai nuna ba. Yana buƙatar ban ruwa aƙalla mako guda.

Kankare: laushi da ƙarfi

Fiye da shekara ɗari da suka wuce wani injiniya a Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwa a kan siminti: ruwa ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Ruwan da siminti bai buƙata ba yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka. Awo mai kyau ga aikin gida shi ne ruwa rabin nauyin siminti, lita 25 a buhu, har da wanda ke cikin yashi. Akwati biyu na yashi wajen kilo 100 ne. A danshin kashi 5 sun riga sun kawo lita 5. Lita 20 ke nan za a zuba. A ja layi a bokitin mai injin kwaɓi, a kuma raba shi da tiyo.

Ana gwada laushi da mazurarin ƙarfe mai tsayin milimita 300, gindi 200, baki 100, wanda mai walda zai iya haɗawa, da sandar ƙarfe mai santsi, kauri 16, tsawo 600, mai zagayayyen kai. Jiƙa cikin mazurarin, ka kafa shi a kan faranti mai daidaito, ka taka kunnuwansa. Cika shi hawa uku, kowane hawa suka 25 a warwatse, sandar tana ɗan shiga hawan ƙasa. Share baki, share abin da ya zube a gindi, ka ɗaga sama a miƙe cikin daƙiƙa biyar ba murɗawa. Kife mazurarin a gefe, ɗora sandar a kansa, ka auna daga ƙarƙashinta zuwa saman kankaren. Saukar milimita 50 zuwa 100 ta dace da dekin da bim da za a girgiza da inji. In gefe ɗaya ya zame, sake gwajin. In ya sake zamewa, yashi ko siminti ya yi kaɗan. In ya baje gaba ɗaya, ruwa ya yi yawa, sai fa in kankaren kamfani ne da aka sa wa sinadarin laushi, wanda takardar motar za ta nuna. Kada gwajin ya wuce minti biyu da rabi, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da kwaɓi ke ƙanƙamewa a cikin baro.

Ƙarfi kuma da kub ake gwada shi, wato dunƙulen kankare mai milimita 150 ta kowane gefe. Ɗebi kankaren daga tsakiyar juyi, daga wanda ake zubawa a ginin, ba kwaɓi na musamman da aka yi don gwaji ba. Shafa wa mol, wato akwatin da ake zuba kub a ciki, mai kaɗan, ƙara ɗaure kusoshinsa, ka cika hawa uku, kowanne suka aƙalla 35. Yi guda shida. Rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, bayan awa 24 ka kwance, ka rubuta kwanan wata da wurin da aka zuba, ka nutsar a duron ruwa a inuwa. Uku za a fasa a kwana 7, uku a kwana 28. Kub ɗin da aka manta a rana ko iskar hunturu ta busar zai ba da amsa ƙasa da gaskiya, a yi ta rigima a kan kankaren da ba shi da laifi.

Kafin a kai su, ɗora kowanne a sikeli. Kankare kilo 2,400 ne a kubik mita, don haka kub wajen kilo 8.1 ne. Wanda ya gaza 7.6 iska ta maƙale a cikinsa, kuma tun kafin inji ya taɓa shi ka san zai gaza. A ɗakin gwaji a kwantar da kub ɗin ta yadda fuskar da aka shafe da cokali za ta kalli gefe, injin ya danna fuskokin da suka kwanta a jikin mol. Raba kN ɗin da injin ya nuna da 22.5: 560 ya ba da kusan 25 N/mm². Sakamakon kwana 7 yakan kai kashi biyu cikin uku na na kwana 28, saboda haka kankaren da ake son ya kai 25, in ya nuna 11 a mako guda, kada a cire katakon tokara, kada a ɗora bulo a kai.

Kub yana faɗin ingancin kwaɓi ne kawai. Dekin ɗin da ba a ba shi ruwa ba ba zai kai abin da kub ya nuna ba. Da zarar saman ya kama a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko a yi masa kunya da yashi a tare ruwa, kwana 7 aƙalla, a hunturu har fiye. Idan sakamakon kwana 28 ya gaza, ana bin ginin da gudumar gwaji mai auna taurin fuska don a gano wuraren da suka fi rauni, sannan a huda a ciro guntun kankare daga nan a fasa a inji. Gudumar kaɗai ba ta isa hujja ba, domin danshi da tsakuwar da ke kusa da fuska suna canza karatunta. Hukuncin a bar ginin, a ƙarfafa shi, ko a fasa, na injiniya mai rajista da COREN ne, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma zai nemi littafin da aka rubuta lambobin nan a ciki tare da ranakunsu.